Tsatsar Rami: Yadda Ruwan Rijiya Ya Huda Tankin Da Aka Ƙera Domin Asid

A shekarar 1976 wani injiniya Ba'amurke mai suna Gregory Kobrin, ma'aikacin kamfanin sinadarai na DuPont, ya wallafa bayanin wani al'amari da ya ɗaure wa masu kula da wata masana'anta kai. An gina wa masana'antar sabon sashe inda za a riƙa aiki da asid ɗin naitirik da wasu ire-iren asid, don haka ba a yi ƙwauro ba wajen zaɓen ƙarfe. Tankuna da bututai duka an yi su da ƙarfe marar tsatsa, samfurin da injiniyoyi ke kira 304L da 316L, waɗanda aka san su da jure irin waɗannan sinadarai shekara da shekaru. Da aka gama harhaɗa su sai aka yi musu gwajin da aka saba yi wa kowane sabon tanki, wato a cika shi da ruwa, a matsa, a duba ko zai yi yoyo. Daga rijiyar masana'antar aka jawo ruwan gwajin, kuma sinadarin kuloraid da ke cikinsa, wanda shi da sodiyam ne suka haɗu suka zama gishirin miya, kimanin miligiram 200 ne a kowace lita. Mutum zai iya kurɓar irin wannan ruwa bai ji ɗanɗanon gishiri ba.

Bayan gwaji sai aka bar ruwan a kwance cikin bututai. Tankunan kuwa an zubar da nasu, amma aka sake zuba musu ruwa mai zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya domin su yi nauyi, saboda ana fargabar mahaukaciyar guguwar teku, sa'an nan aka ƙyale ruwan ya ƙafe da kansa. Bayan kimanin wata ɗaya bututan 304L suka fara ɗiga a wuraren walda, bayan wata huɗu na 316L suka bi sahu, alhali kaurinsu ya kai milimita 3 kuma asid ɗin da aka ƙera su dominsa bai ko shiga cikinsu ba tukuna. Da aka leƙa ciki sai aka tarar da wasu 'yan tsibi-tsibi masu launin jar ƙasa sun jeru a kan layin walda. Ƙarƙashin kowane tsibi akwai ɗan ƙaramin baki, wanda idan aka bi shi sai ya buɗe ya zama kogo a cikin naman ƙarfen, kamar tulu mai ƙaramin wuya da babban ciki. Sauran jikin ƙarfen yana nan yana ƙyalli kamar ranar da aka kawo shi.

Wannan nau'i na lalacewar ƙarfe shi ne za a iya kira tsatsar rami, kuma yana cikin abubuwan da masu kula da masana'antun sinadarai suka fi tsoro. Tsatsar da kowa ya sani takan ci ƙarfe bai ɗaya, a hankali, ta yadda injiniya zai iya auna kaurin bango bana, ya auna baɗi, ya lissafa shekarun da suka rage wa tanki. Tsatsar rami ba ta ba da wannan dama. Ramin da faɗinsa milimita 2 ne, zurfinsa milimita 3, ƙarfen da ya cinye bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, amma ya isa ya mayar da tanki mai nauyin tan da yawa abin da ba shi da amfani, ko ya saki guba a kan ma'aikata.

Fatar da ido ba ya gani

Sunan nan na "marar tsatsa" akwai ƙarin gishiri a cikinsa. Mafi yawan abin da ke cikin wannan ƙarfe baƙin ƙarfe ne, irin wanda maƙeri ke ƙera fartanya da shi. Idan aka bar fartanya a ruwan sama, iskar oksijin da laima kan haɗu da ƙarfen su yi jar tsatsa mai gautsi, wadda ke ɓarewa ta ba ruwa hanyar isa ga ƙarfen da ke ƙasa. Amma idan aka narka baƙin ƙarfe tare da kuromiyam wanda bai gaza kashi 10.5 cikin ɗari ba, sai kuromiyam ɗin ya riga ƙarfen kama oksijin, ya yi wata fata mai tauri wadda ke manne da jikin ƙarfen ba ta barin komai ya wuce. Kaurin wannan fata nanomita 1 zuwa 3 ne kacal. Sai an jera irinta dubu 30 ko fiye kafin a sami kaurin gashin kai guda. Idan aka karce ta kuma takan warke nan take, muddin akwai oksijin a wurin. A kan wannan sharaɗi na samuwar oksijin dukan maganar ta rataya.

A garin Sheffield na Ingila ne Harry Brearley ya narka irin wannan ƙarfe a shekarar 1913, yana neman wanda zai hana bakin bindiga saurin cinyewa, sai ya lura asid ɗin da yake shafa wa ƙarafa kafin ya duba su a madubin ƙara girma ba ya kama wannan. A Jamus kuma masanan kamfanin Krupp sun yi rajistar wani samfuri mai kuromiyam da nikel tun a 1912. Daga wannan zuriya aka sami 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, da kuma 316, wanda aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3.

Mai karatu zai iya tambayar yadda aka yi ƙarfen da asid ɗin naitirik ba ya ci ya faɗi a hannun ruwan rijiya. Amsar ta girmi shi kansa ƙarfen. Tun a 1836 Christian Schönbein da Michael Faraday suka yi nazarin yadda baƙin ƙarfe ke narkewa a asid ɗin naitirik da aka sirka da ruwa, amma ya tsaya ƙyam a cikin mai ƙarfi wanda ba a sirka ba, kuma Faraday ya yi hasashen cewa wata siririyar fata ce ke kare shi. Asid ɗin naitirik mai ba da oksijin ne, saboda haka ciyar da fatar yake yi. Kuloraid kuwa ba shi da abin da zai ba ta, ratsa ta kawai yake yi a duk inda ta yi rauni.

Yadda rami ke haƙa kansa

Da zarar fatar ta fashe a wani ɗan wuri, ƙarfen da ya bayyana sai ya fara narkewa cikin ruwa. Ƙwayoyin baƙin ƙarfe da na kuromiyam kan fita ɗauke da caji fozitif, su bar ilektiron ɗinsu a jikin bango. Waɗannan ilektiron kan bi ta cikin ƙarfen zuwa faffaɗan bangon da fatarsa ke lafiya, inda oksijin da ke cikin ruwa ke karɓe su. Abin da aka samu ke nan shi ne batir, wanda ɓangarensa mai narkewa bai fi tsinin allura ba, ɗaya ɓangaren kuwa ya kai faɗin bangon ɗaki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan rufin soro gaba ɗaya ke bi ta indararo guda ya haƙa rami a ƙasa, ya fahimci abin da ke faruwa: aikin da bango duka ke jawowa, a wuri ɗaya tak yake sauka.

Wannan kaɗai da bai isa ba, domin fatar na iya warkewa. Abin da ke hana ta shi ne canjin da ke aukuwa ga ɗan ruwan da ke cikin ramin. Da farko oksijin ɗin da ke ciki kan ƙare, kuma sabo ba ya samun shiga da sauri saboda ƙuncin baki. Sa'an nan ƙwayoyin ƙarfe masu caji fozitif da suka taru a ciki sukan jawo kuloraid, mai caji nagetif, daga ruwan waje, har yawansa a cikin ramin ya ninka na waje sau ɗaruruwa. Daga nan ƙwayoyin kuromiyam sukan yi mu'amala da ruwa, su karɓe wani sashe nasa, su saki ƙwayoyin haidirojin. Ɗaliban kimiyya sun san abin da haidirojin da kuloraid ke bayarwa idan sun haɗu, wato asid ɗin haidirokulorik, wanda yana cikin manyan abokan gaban ƙarfe marar tsatsa. Ruwan da ke cikin tanki yana iya zama a lamba 7 bisa ma'aunin pH, ba asid ba ne ko kaɗan, amma na cikin ramin ya sauka zuwa lamba 1 ko ƙasa da haka. A irin wannan ruwa fata ba ta sake tsirowa. Ƙarfe ya ƙara narkewa, kuloraid ya ƙara shigowa, asid ya ƙara ƙarfi, haka abin zai yi ta juyawa yana ciyar da kansa. A shekarar 1976 José Galvele, masani a hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar Ajantina, ya nuna da lissafi cewa abin da ke yanke hukunci shi ne zurfin ramin idan aka ninka shi da ƙarfin lantarkin da ke fita daga cikinsa. Idan sakamakon ya haye wata iyaka, asid zai taru fiye da yadda yake tserewa, ramin kuma ya rayu.

Abin mamaki shi ne mafi yawan ramukan da ke tsirowa ba sa kai wa wannan iyaka. Na'urori masu auna ƙanƙanin lantarki sun nuna cewa a kan ƙarfen da ke cikin ruwan gishiri ana ta haihuwar ramuka suna mutuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya rayu shi ne wanda ya sami murfi. Sau da yawa ramin kan ci ƙarfe ta ƙarƙashi ya bar siririn rufi mai 'yan huji-huji a sama, kuma wannan rufi ne ke tsare asid ɗin kada ruwan waje ya wanke shi. Nan ne asalin siffar tulu. Haka kuma ruwan cikin ramin ya fi na waje nauyi, shi ya sa ramuka suka fi son gindin tanki da cikin bututun da ke kwance, suna nutsawa ƙasa. Daɗin daɗawa, ilektiron ɗin da ramin ke turawa sukan kare bangon da ke kewaye da shi daga lalacewa, don haka mai dubawa da fitila zai ga bango sumul, ya wuce.

Inda fatar ke da rauni

Babu ƙarfen da ke fitowa daga tanderu tsarkakakke. Akwai ɗan burbushin farar wuta da ke saura a ciki, wanda masu narka ƙarfe ke ɗaure shi da manganis domin kada ƙarfen ya tsage lokacin da ake murza shi da zafi. Haɗuwar su biyun kan bar 'yan ƙwayoyi a warwatse cikin ƙarfen, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kuma a inda ɗayansu ya leƙo waje fatar ba ta rufe wurin da kyau. Binciken shekaru masu yawa ya tabbatar da cewa a gefen waɗannan ƙwayoyi ne mafi yawan ramuka ke farawa. Dalilin hakan ne masana suka yi ta muhawara a kai. A 2002 Mary Ryan da abokan aikinta a Landan suka ba da rahoto a mujallar Nature cewa ƙarfen da ke zagaye da ƙwayar yana da ƙarancin kuromiyam. A 2003 wasu masana na Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka ce sun auna ba su ga wannan ƙaranci ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ƙarfe mai yawan farar wuta ya fi saurin yin rami. Samfurin 303, wanda ake ƙara wa farar wuta da gangan don ya yi sauƙin yankawa a inji, ba a yin tankin sinadarai da shi.

Rauni na biyu hannun mutum ne ke jawo shi. Duk wanda ya tsaya wurin mai walda ya ga launin ruwan ƙasa da shuɗi da ke fitowa a gefen ɗinkin. A ƙarfe marar tsatsa wannan launi alama ce cewa zafi ya zuƙo kuromiyam zuwa sama ya ƙona shi, ya bar ƙarfen da ke ƙasa cikin talauci. Har ila yau, idan ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850 na ma'aunin Salshiyas, kabon da ke cikinsa kan kama kuromiyam ya ɗaure shi, ya hana shi aikin gina fata. Domin kauce wa wannan ne aka ƙirƙiro samfura masu harafin L, waɗanda kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba. Sai dai harafin L ba ya maganin launin walda. Wannan sai an wanke shi da haɗin asid ɗin naitirik da haidirofulorik, ko an goge shi sarai. Haka nan buroshin waya ko dutsen gurza da aka yi aiki da shi a kan baƙin ƙarfe, idan aka kawo shi kan marar tsatsa, yakan dasa masa burbushin da zai yi tsatsa ya buɗe wa kuloraid ƙofa.

Na uku shi ne duk wani lungu da ruwa zai maƙale oksijin ya kasa shiga: ƙarƙashin robar da ake sa wa a mahaɗar bututu, ƙarƙashin laka ko dattin da ya kwanta a gindin tanki, ko tsagar da mai walda ya bari bai cike ba. Irin wannan lungu rami ne da aka riga aka haƙa wa kuloraid. Ruwa mai gudu yakan share datti ya kawo oksijin, kwantaccen ruwa kuwa akasin haka yake yi. Saboda haka tanki ya fi shiga haɗari lokacin da aka dakatar da aiki fiye da lokacin da yake aiki, abin da masu masana'antu da yawa ba su cika kawowa a ransu ba.

Waɗancan tsibi-tsibin na labarin Kobrin kuwa gini ne na masu rai. Binciken da aka yi ya gano bakteriya a cikinsu, ciki har da wadda ake kira Gallionella, masu samun abincinsu ta hanyar sauya baƙin ƙarfe da manganis da suka narke a ruwan rijiya. Ba ƙarfen tankin suke ci kai tsaye ba. Tsibin da suke ginawa shi ne murfin da rami ke bukata, kuma nau'in baƙin ƙarfen da suke samarwa idan ya gamu da kuloraid yakan zama ferik kuloraid. Wannan sinadari shi ne ainihin wanda ɗakunan bincike ke jiƙa ƙarfe a cikinsa, a ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, idan suna son su gwada jurewarsa ga tsatsar rami. Wato dai bakteriyar sun shirya wa bututan jarrabawa mafi tsanani, a daidai wurin walda inda suka fi rauni.

Zafi yana ƙara wa duk waɗannan ƙarfi. Kowane samfuri yana da wani mataki na zafi wanda a ƙasa da shi rami ba ya rayuwa a cikin ruwan gwaji, a sama da shi kuwa yana rayuwa. Zafi kuma yana ƙafar da ruwa ya bar gishiri a baya, ta yadda ruwa mai ɗan kuloraid kaɗan zai iya zama kakkauran ruwan gishiri a bakin layin da ruwa ya tsaya, ko a ƙarƙashin bargon da ake naɗe tanki da shi don tsare zafi idan ruwan sama ya jiƙa shi. Idan zafi ya haura kimanin digiri 60 kuma ƙarfen yana ɗauke da nauyi ko matsi, rami kan zama mafarin tsaga, tsaga kuwa tana iya sa ƙarfen ya ɓalle gaba ɗaya. An ma ga hakan a zafin da bai kai wannan ba. Ranar 9 ga Mayu 1985, a garin Uster na ƙasar Suwizalan, rufin kankare na wani ɗakin ninkaya ya rufto ya kashe mutum 12, bayan tururi mai ɗauke da kulorin ya shekara 13 yana taruwa a kan sandunan ƙarfe marar tsatsa da ke riƙe da shi.

Lissafin mai zaɓen ƙarfe

Injiniyoyi suna da wani ɗan lissafi da suke kwatanta samfura da shi, wanda ake kira PREN. Ana ɗaukar kason kuromiyam, a tara da kason molibdinam da aka ninka sau 3.3, a tara da kason naitirojin da aka ninka sau 16. Samfurin 304 yakan sami 18 zuwa 20, 316 ya sami 24 zuwa 26, wanda ake kira 2205 ya sami kimanin 35. Ruwan teku, mai kuloraid kusan miligiram 19,000 a lita, yana bukatar ƙarfe mai 40 ko fiye. Bisa ƙa'idar da aka saba bi, 304 yakan jure ruwa marar zafi mai kuloraid har miligiram 200 a lita, 316 kuma har kimanin 1,000, amma wannan idan ruwan mai tsabta ne kuma yana gudu.

Molibdinam da nikel suna da tsada, kuma tsadar ba ta sayen abin da sakaci ya zubar. A masana'antar da Kobrin ya ba da labari, bambancin da ke tsakanin 304L da 316L wata uku ne kawai. Abin da ake yi yanzu a wuraren da aka ɗauki darasi ba shi da wuya: a yi gwaji da ruwan da kuloraid ɗinsa bai wuce miligiram 50 a lita ba, a zubar da shi da zarar an gama, a busar da tankin, a karkata gindinsa yadda ruwa ba zai kwanta ba, a wanke launin walda, a kuma ware kayan aikin da ba za su taɓa baƙin ƙarfe ba. Masana'antar da ke dogara da ruwan burtsatse a ƙasa mai zafin rana, inda ruwa ke saurin ƙafewa, ita ta fi kowa bukatar ta auna kuloraid da baƙin ƙarfen da ke cikin ruwanta kafin ta zuba shi a sabon tanki.

Ana iya ganin abin a ƙaramin sikeli ba tare da an je masana'anta ba. Masu ƙera tukwanen ƙarfe marar tsatsa sukan ba da shawarar kada a zuba gishiri sai ruwa ya tafasa, domin ƙwayar gishirin da ta kwanta a gindin tukunya ba ta narke ba takan bar 'yan ɗige-ɗigen da ba sa gogewa. Malamin kimiyya kuma zai iya samun cokula biyu masu araha, irin waɗanda ake kira na silba, ya ɗaure kowanne tam da robar ɗaure kuɗi. Ɗaya a tsoma shi rabi a kwalbar ruwa zalla, ɗayan a kwalbar ruwan da aka narka wa gishiri cokali biyu aka kuma ƙara masa murfi ɗaya na bilic ɗin wanki. Kada a kuskura a haɗa bilic da lemon tsami ko wani asid, domin yana fitar da iskar kulorin mai guba. A ajiye kwalaben a wuri mai iska, nesa da yara, har mako ɗaya ko biyu. Kafin a fara, ɗalibai su gwada cokulan da maganaɗisu, su rubuta abin da suka gani, domin wanda maganaɗisu ke kamawa da ƙarfi galibi ba shi da nikel, kuma cokula masu araha na wannan aji sukan zo da ƙarancin kuromiyam. Ranar da aka fito da su a cire robar, a wanke, a duba da gilashin ƙara girma a wurare biyu: inda robar ta kwanta, da daidai layin da ruwa ya tsaya.